Adana Adireshin MAC a Rumbun Bayanai da Gano Kamfanin da Ya Ƙera Na'ura

Tambaya: Ni ke kula da Wi-Fi na wata kwaleji. Duk na'urar da ta hau layinmu ina ajiye adireshinta na MAC, wato lambar da ake gane katin sadarwarta da ita, a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, a ginshiƙi mai nau'in varchar, wato na rubutu. Abu biyu ne suka dame ni. Waya ɗaya takan fito mini sau biyu ko uku a rahoto. Sannan in na yanki haruffa shida na farko na nemi sunan kamfani a jerin da na sauke daga intanet, wayoyi da yawa sai su fito ba suna, wasu kuma su fito da sunan IEEE, ƙungiyar da ke raba waɗannan adireshi. A ina na kauce?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, ramin nan kusan duk mun faɗa cikinsa, har da ni. Kurakurai uku ne suka haɗu suka yi maka kama da biyu. Ka ɗauki lamba ka ajiye ta a matsayin rubutu. Ka ɗauka haruffa shida sun isa su nuna kamfani. Ka kuma ɗauka kowane adireshi akwai kamfani a bayansa. Na farkon aikin yini ɗaya ne, na biyun na kwana biyu, na ukun kuwa ba ya gyaruwa, sai dai ka rage burin da ka ɗora wa rahoton.

Mu fara da mai sauƙin. Adireshin MAC lamba ce mai bit 48, wato bayit shida, ana rubuta ta da haruffan heksa 12, wato 0 zuwa 9 da A zuwa F. Yadda ake rubuta ta ɗin ne kowa da nasa salon. Ɗauki adireshi guda: Linux zai nuna maka b8:27:eb:0a:1c:3f, Windows ta ce B8-27-EB-0A-1C-3F, na'urar Cisco ta ce b827.eb0a.1c3f, ta Huawei ta ce b827-eb0a-1c3f, MikroTik kuma ta rubuta da manyan haruffa da ɗigo bibbiyu. In bayananka suna shigowa ta RADIUS, tsarin tantance masu hawa layi, ƙa'idar RFC 3580 ta ba da shawarar manyan haruffa da karan tsakiya, amma ba kowace na'ura ke bin ta ba. A wurin varchar waɗannan abubuwa biyar ne mabambanta, don haka UNIQUE ba zai tare su ba, JOIN ma ba zai haɗa su ba. Ga inda rabin maimaicin naka ya fito.

Tunda PostgreSQL kake amfani da shi, an riga an dafa maka, ci ya rage. Yana da nau'in macaddr, wanda ke karɓar duk salon da na lissafo, ya ajiye bayit shida kacal, in ka nema ya dawo maka da salo ɗaya: ƙananan haruffa da ɗigo bibbiyu. In aka tura masa shirme ya ƙi karɓa tun daga ƙofa. Mutane sukan yi ta maganar cewa bayit 6 ya fi 18 arahar wuri. Gaskiya ne, amma ni ba don wannan nake so ka koma ba. Don kwatancin ya zama na lamba da lamba ne, kuma ka samu damar yin lissafin bit a kansa, wanda sai da shi sauran aikin zai yiwu.

Wajen ƙaura kada ka sauya tsohon ginshiƙin kai tsaye. Ƙara sabo, ka cika shi, ka duba abin da ya ƙi shiga da idonka:

ALTER TABLE naurori ADD COLUMN adireshi macaddr;
UPDATE naurori SET adireshi = tsohon_mac::macaddr
WHERE pg_input_is_valid(tsohon_mac, 'macaddr');

Wannan pg_input_is_valid ɗin sai daga PostgreSQL 16 ya shigo. In naka bai kai nan ba, ka tace layukan da regexp kafin ka juya su. Akwai kuma wani tarko a nan da ya taɓa cin mini dare guda. Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya goge duk ɗigo da kara, ya bar haruffa 12 zalla. To umarnin arp na macOS yana zubar da sifilin farko na kowane bayit, sai ya rubuta b8:27:eb:a:1c:3f. Ka goge ɗigon, haruffa 11 suka rage, kuma ba ka da hanyar sanin inda sifilin ya faɗi. In za ka tsaftace da hannunka, ka raba bayit-bayit tukuna, ka cike kowanne ya zama harafi biyu, sannan ka haɗa.

Wanda ke kan MySQL ko SQLite ba shi da wannan nau'in. Ya yi amfani da BINARY(6) a MySQL ko BLOB a SQLite, ko ya ajiye shi a matsayin cikakkiyar lamba mai bit 64, tunda 48 ta shiga ciki har da sauran wuri. Sai dai mai rubuta JavaScript ya kula: lamba mai bit 48 tana zama lafiya a Number, amma da zarar ka sa mata & ko >> sai harshen ya datse ta zuwa bit 32 ba tare da ya ce maka uffan ba. BigInt ne maganin.

Yanzu batun haruffa shidan nan, inda nake so ka ba ni hankalinka sosai.

Hukumar rajista ta IEEE ce ke sayar wa kamfanoni goshin adireshi, wato sashensa na farko, su kuma su cike ragowar. A da abin da kowa ya sani shi ne goshi mai bit 24, haruffa shida, wanda ake kira OUI. Mai shi yana da adireshi 16,777,216. To ƙaramin kamfanin da ke ƙera na'urar awo ɗari biyar a shekara me zai yi da miliyan 16? Shi ya sa aka yanka kaso ƙanana. Tun 2014 sunayensu uku ne: MA-L mai bit 24, MA-M mai bit 28 da adireshi 1,048,576, sai MA-S mai bit 36 da adireshi 4,096. Akwai kuma tsohon tsarin IAB, shi ma bit 36, an daina bayar da shi amma na'urorin da suka samu suna nan suna aiki. A haruffa, shida ke nan, bakwai, da tara.

Su ƙananan kason nan daga cikin wani babban goshi ake yanko su, kuma a babban jeri sunan hukumar ne a kan wannan goshin. Misali 70:B3:D5, 00:1B:C5 da 8C:1F:64 duk gidajen MA-S ne, 00:50:C2 kuma na IAB. Goshi ɗaya mai bit 24 zai iya ɗaukar masu MA-S har 4,096. Ka ga ke nan da ka yanki shida ka tsaya, ka isa ƙofar gidan haya ne ka karanta sunan mai gidan, alhali ɗan hayan da kake nema yana ɗaki na ciki. Shi ya sa kake ganin sunan IEEE. Ba IEEE ta ƙera na'urar ba, ita ba ta ƙera komai.

PostgreSQL yana da trunc(adireshi), wanda ke mayar da bayit uku na ƙarshe sifili. Don wannan aikin aka yi shi tun zamanin da OUI kaɗai ake magana, saboda haka bit 24 kawai ya sani. Abin da kake bukata shi ne ka gwada mafi tsawon goshi da farko, in bai dace ba ka sauko, kamar dai yadda rauta ke zaɓar hanya. Teburin rajistar ya zama haka:

CREATE TABLE rajista (
  goshi macaddr NOT NULL,
  tsawo smallint NOT NULL CHECK (tsawo IN (24, 28, 36)),
  suna text NOT NULL,
  ganin_farko date NOT NULL,
  ganin_karshe date NOT NULL
);
CREATE INDEX ON rajista (goshi, tsawo);

Nema kuma:

SELECT n.adireshi, r.suna
FROM naurori n
LEFT JOIN LATERAL (
  SELECT suna FROM rajista
  WHERE (goshi, tsawo) IN (
    (n.adireshi & 'ff:ff:ff:ff:f0:00'::macaddr, 36),
    (n.adireshi & 'ff:ff:ff:f0:00:00'::macaddr, 28),
    (trunc(n.adireshi), 24))
  ORDER BY tsawo DESC
  LIMIT 1
) r ON true;

Waɗancan ff ɗin rariya ce: tana barin bit ɗin goshi su wuce, ta mayar da saura sifili. Leƙe uku ne a fihirisa kan kowace na'ura, babu LIKE, babu yankan rubutu. Ka lura LEFT JOIN na sa, don na'urar da ba ta da suna kada ta ɓace daga rahoton gaba ɗaya.

Jerin kansa kada ka ɗauko shi a shafin wani. Ka je standards-oui.ieee.org, inda IEEE ke ajiye shi kyauta: oui.csv, mam.csv, oui36.csv da iab.csv. In oui.csv kaɗai ka sauke, kamar yadda nake zato, to ko umarninka ya yi daidai ba za ka samu ƙananan ba. Kowane fayil ginshiƙi huɗu gare shi: nau'in rajista, goshin, sunan mai shi, da adireshin ofishinsa. Wajen lodawa ga wata 'yar dabara: rpad(goshin, 12, '0')::macaddr zai ba ka goshi, length(goshin) * 4 kuma ya ba ka tsawo, tunda kowane harafin heksa bit huɗu ne.

Don Allah kada fayil ɗin nan ya ratsa ta Excel. Goshin da duk lambobi ne zai zubar masa da sifilin farko. Mafi muni, goshi irin 00E018, wanda na ASUSTek ne, Excel zai karanta shi a matsayin sifili sau goma mai ƙarfin 18, ya mayar da shi 0.00E+00. Ka adana, ka loda, babu kuskuren da zai bayyana, sai bayan wata biyu ka rasa dalilin da ya sa wasu kwamfutoci ba su da suna. Ka yi amfani da COPY kai tsaye zuwa teburin wucin gadi mai ginshiƙan text.

Za ka ga ban sa babban makulli, wato PRIMARY KEY, a kan goshi ba. Da gangan ne. Jerin IEEE na ɗauke da tabon tarihi: goshin 08:00:30 ya fito da sunaye uku, CERN, Network Research Corporation da Royal Melbourne Institute of Technology. Wanda ya sa PRIMARY KEY a kan goshi, lodin farko zai tsaya masa a nan ya yi ta mamaki. Ko ka bar su duka ukun, ko ka haɗe sunayen a layi ɗaya kafin ka sa makullin. Kowanne ya yi, muddin ka san ka zaɓa. Za ka kuma ci karo da layukan da sunansu Private kawai, wato mai goshin ya nemi a ɓoye sunansa. Ka bar su yadda suke.

Jerin nan rayayye ne. MA-L kaɗai ya haura layi 30,000, ana ƙara sababbi a kai a kai, kamfanoni na sauya suna, wani ya sayi wani. Daga wannan sai hukunci biyu su fito. Na ɗaya, kada jerin ya shiga cikin manhajarka a matsayin rubutaccen abu. Shi kansa PostgreSQL a farkon zamaninsa ya taɓa ɗauke da sunayen kamfanoni a cikin jikinsa, daga baya masu shi suka cire suka bar trunc da shawarar kowa ya riƙe nasa tebur, domin ba za a jira sabuwar fitowar manhaja ba kafin a san sabon kamfani. Na biyu, kada ka kwafe sunan kamfani ka liƙa a teburin na'urori. Wayar da ta shigo yau da sabon goshi za ta zauna ba suna har abada, ko bayan ka sabunta jerin. Ka bar sunan ya fito daga JOIN duk lokacin da aka tambaya, ko ka yi VIEW.

Sabuntawa sau ɗaya a mako ta wadatar. Ka sauke, ka loda a teburin wucin gadi, ka ƙirga layuka, in sun gaza na makon jiya da yawa ka tsaya, don wataƙila layi ne ya yanke aka ba ka rabin fayil. In sun yi daidai ka haɗe su cikin BEGIN da COMMIT guda. Layin da ya ɓace daga sabon jeri kada ka goge shi, ganin_karshe ɗinsa kawai zai daina motsi.

To, sai na ukun, wanda na ce ba ya gyaruwa.

Bit biyu na ƙarshen bayit na farko ba na kamfani ba ne, alama ce. Na can ƙarshe in ya zama 1, adireshin na rukuni ne, ba na na'ura ɗaya ba. Na kusa da shi in ya zama 1, adireshin ƙirƙirar gida ne, ba IEEE ta bayar ba. Ba sai ka iya lissafin bit ba, harafi na biyu kawai za ka kalla. In 0, 4, 8 ko C ne, adireshin rajista ne, je ka nemi kamfani. In 2, 6, A ko E ne, na gida ne. In kuwa mara ne, irin 1, 3 ko F, na rukuni ne, kamar 01:00:5E na IPv4, 33:33 na IPv6, da ff:ff:ff:ff:ff:ff mai kiran kowa da kowa.

Je ka duba wayoyin nan naka marasa suna. Na tabbata mafi yawansu harafinsu na biyu 2, 6, A ko E ne. Tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, waya ba ta nuna wa Wi-Fi adireshinta na asali sai mai ita ya kashe wannan tsarin da hannunsa. Tana ƙirƙiro wani ne don kowane layi, saboda kada a riƙa bin sawun mutum daga kanti zuwa tasha zuwa filin jirgi. Irin wannan adireshin babu kamfani a cikinsa ko kaɗan, caca ce wayar ta buga. Kuma ga sauran rabin maimaicinka: in kuna da layin malamai da na ɗalibai da na baƙi, waya ɗaya da ta hau duka ukun adireshi uku za ta ba ka, kuma babu umarnin SQL da zai gane cewa ita ce.

Saboda haka ka tace kafin ka nema:

(adireshi & '02:00:00:00:00:00'::macaddr) <> '00:00:00:00:00:00'::macaddr

In wannan ya zama gaskiya, rahoto ya rubuta "adireshin sirri", kada ya rubuta "ba a sani ba". Bambancin yana da amfani. Na farko abu ne da aka saba, na biyu kuwa, adireshi mai kamar na rajista amma babu shi a jeri, yana nufin ko jerinka ya tsufa ko wani ya ƙirƙiri adireshi da hannu, kuma wannan ya cancanci ka leƙa. Wasu na gidan an san masu su ta al'ada, ba ta rajista ba: 52:54:00 na QEMU da KVM, manhajojin ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, 02:42 kuma Docker ya daɗe yana amfani da shi. In kana so su fito da suna, yi musu ɗan tebur dabam da kai ke kula da shi, kada ka cusa su cikin na IEEE. Akwai kuma rajistar CID, inda IEEE ke ba da goshi a cikin yankin na gida, harafinsa na biyu A. Ban ga ya taɓa zama abin damuwa a layin makaranta ba, kuma in ka loda shi za ka riƙa laƙaba wa wayoyi masu caca sunan kamfanin da ba ruwansa, don haka ni barinsa nake yi.

Ko inda sunan ya fito, ka san abin da yake gaya maka. Wanda ya yi rajistar goshin yake nunawa, ba tambarin da ke bayan na'urar ba. Kwamfutar cinya ta HP ko Dell sau da yawa Intel za ta nuna, ko Realtek, ko AzureWave, ko Hon Hai, domin su suka ƙera katin Wi-Fi ɗin. Ƙananan na'urorin gida masu hawa intanet da dama Espressif za ka gani. 08:00:27 kuwa zai ba ka sunan wani tsohon kamfanin Jamus mai suna PCS, alhali a aikace manhajar VirtualBox ce. Ka tuna lambar waya: da can in ka ga 0803 ka san MTN ce, amma tun da aka fara ƙaura da lamba a Najeriya a 2013, goshin asalin layin kawai yake nunawa. Haka za ka ɗauki wannan ma.

Sunayen kuma a hargitse suke. Kamfani ɗaya zai fito da rubutu iri uku ko huɗu, nan da waƙafi, can babu, nan manyan haruffa, can ƙanana. In shugabanka na son ya ga wace waya ta fi yawa a kwalejin, GROUP BY a kan ɗanyen suna zai farfasa masa lissafi. Ka yi tebur na uku mai haɗa ɗanyen suna da sunan da kake so ya fito. A nan ne ma za ka yanke shawarar ko Tecno, Infinix da itel za su fito dabam-dabam ko a ƙarƙashin Transsion, tunda uwa ɗaya ta haife su. Ɗanyen sunan dai kada ka taɓa shi.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: kada adireshin MAC ya zama babban makullin teburin na'urori, balle na ɗalibai. Kowa na iya sauya nasa cikin minti ɗaya. Kuma ko masana'anta na yin ganganci. Na taɓa sayen 'yan adaftocin USB masu araha a kasuwa don wani ɗakin kwamfuta, muka wuni muna neman dalilin da ya sa in wannan ta hau waccan ta sauka, ashe adireshi ɗaya aka buga wa dukkansu. Ka ba kowace na'ura lambarta ta cikin gida, adireshin ya zauna a teburin gani: wane adireshi, a wane layi, daga yaushe zuwa yaushe, da wane asusu aka shiga. In kana son ƙirga mutane, asusun shiga za ka ƙirga. In kuma tikitin Wi-Fi ɗinku a ɗaure yake da MAC, ka shirya wa ɗalibin da tikitinsa zai ƙi aiki saboda adireshin wayarsa ya sauya, ya zo ofis yana rantsuwa wayarsa ce, kuma gaskiyarsa ce.

Tunda teburin ganin nan yana nuna inda mutum yake da lokacin da ya zo, ya shiga sahun bayanan mutane, kuma Najeriya na da dokar kare bayanai ta 2023. Ka sa wa'adin gogewa, ka taƙaita masu iya buɗe shi. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa in an bi ta kan adireshin da SHA-256, dabarar rikiɗa bayani zuwa wasu lambobi, ya ɓoyu. Wanda ya san goshin, gwaji miliyan 16 da ɗoriya kawai ya rage masa, kwamfutar cinya ma ta gama wannan kafin shayi ya huce. In dole sai an ɓoye, HMAC za ka yi da makullin sirri wanda ba ya zaune a cikin rumbun, kuma ka ciro goshin da alamar na gida kafin ka ɓoye, don bayan nan ba sa ciruwa.

Wata rana za a kawo muku na'urorin Zigbee ko LoRaWAN, na mita ko na kula da fitilu. Su adireshinsu bayit takwas ne, EUI-64, kuma macaddr ba zai karɓe su ba. Tun PostgreSQL 10 a 2017 akwai macaddr8 dominsu. Shi trunc ɗinsa bayit biyar na ƙarshe yake sharewa, rariyar 28 da 36 kuma sai ka tsawaita ta da 00 biyu. In ka zuba masa adireshi mai bayit shida zai karɓa, amma zai cusa ff:fe a tsakiya, a gurbi na huɗu da na biyar, wanda zai lalata maka binciken MA-M da MA-S tunda goshinsu ya ratsa ta nan. Don haka ka ba su ginshiƙinsu dabam, na Wi-Fi su ci gaba da zama a macaddr.